Ƙofar Baya ta Gidan Burodin Araksi

Ƙarfe uku na dare nake zare sakata.
Marseille na barci, teku ne kawai ke tari.
Ni ne Msaidie, ɗan Komoro in an tambayi fatata,
ko da yake bayan tashar jirgin nan aka yanke min cibi,
tsibirin kuwa sau ɗaya na taka shi,
ranar da muka sa kakata a ƙasa.

Fulawa ta sake hawa.
Wai jiragen alkama sun maƙale a wani teku
da ban sani ba sai a taswirar ɗana.
Can ana harbi, nan ina tsakure kulli,
kan yatsa guda daga kowane burodi.
Mai saye bai sani ba. Hannuna ya sani.

Araksi, gicciye a wuya, tamanin saura uku,
kakanta ya sauka garin nan da faranti ɗaya na gashi
da sunan ƙauyen da aka goge.
Ita ta fara cewa alƙibla wajen firji take.
In na shimfiɗa buhu sai ta rage rediyo,
ta ci gaba da ƙirga canji kamar ba ta ga komai ba.

Ɗana Nasuf a aljihun ƙirji yake sa katinsa,
ba na wando ba,
don kada hannu ya gangara inda ido bai kai.
Na koya masa wannan kafin aski.
Sau uku aka tare shi a watan nan.
Na huɗun bai faɗa ba, a cin abincinsa na gani.

Zaɓe ya ƙarato, an dawo kan ɗankwalin Zalhata.
Maza biyar a talabijin, kowa da ruwansa a kofi,
suna auna mayafin matata taku-taku,
ba wanda ya ce nawa ake biyanta
in ta goge teburan irinsu kafin asuba.
Ta kashe, ta ce in miƙo mata gishiri.

Kuɗin maganin gwaggo sun kwana tara a hanya:
sunana ya yi kama da wani suna a wata takarda.
Ko wane ne kai, takwara, ka ja mata ciwon ƙafa.

Tsallaken titi akwai Nissim mai gyaran agogo.
Shekara goma sha shida muna musun ƙwallo,
shi da ƙaramar hularsa, ni da farin gari a gira.
Tun da labarai suka yi zafi
ya cire ɗan kwalin addu'a daga jikin ƙofarsa,
ya bar ramukan ƙusa biyu suna kallon titi.
Yanzu sai zancen ruwan sama.
Wayarsa na nuna masa matattunsa, tawa na nuna min nawa,
mu kife su a kanta, in ba shi canji,
sulallan sun fi da nauyi.

Daren Talata na tarar an yi rubutu a ƙyaurensa,
jan fenti, bai ko bushe ba.
Na tsaya. Ba zan yi ƙarya ba, na tsaya,
na tuna hoton da na gani jiya da dare,
na tuna kulli na jira.
Sannan na ɗauko bokiti da soson tanda.
Harafi ɗaya ya ƙi fita.

Bakwai ya zo. Ya dubi ƙyaure a jiƙe,
ya dubi jan da ke ƙarƙashin farcena.
Bai yi godiya ba, ban so ya yi ba.
Ya ce, agogonka na latti da minti huɗu, kawo.

Yana can kan teburinsa, ciki a buɗe.
Yau da inuwar firji na gane azahar.